Talauci ne ke sa a ƙyamaci baƙi, ko ƙarancin ilimi?

Bilkisu Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu da masanan da ke wannan zaure. Duk lokacin da labari ya zo cewa an far wa baƙi a wata ƙasa, kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu a 2008 da 2015 da 2019, bayani iri biyu ake yi mana. Wasu su ce matsin tattalin arziki ne, wai mutumin da ya rasa aikin yi, kuma ya ga baƙo yana cin kasuwa a unguwarsa, dole ne ya ji haushinsa. Wasu kuma su ce jahilci ne, wai da mutanen sun yi karatu da sun gane cewa ba baƙon ne ya hana su aiki ba. Ni kuwa ina ganin giɓi a kowanne daga cikin bayanan nan biyu, domin akwai ƙasashe matalauta ƙwarai da suke karɓar 'yan gudun hijira hannu bibbiyu, akwai kuma ƙasashe masu arziki da jami'o'i birjik inda jam'iyyun da ke ƙyamar baƙi suke ƙara samun ƙuri'u a kowane zaɓe. To wanne ne ya fi tasiri a tsakanin biyun? Kuma idan har ilimi yana sassauta ra'ayin mutum a kan baƙo, ta wace hanya yake yin haka?

Tsohon Malami, Gusau, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata Bilkisu. Ba sai kin kai dubanki Afirka ta Kudu ba, domin mu ma a Najeriya mun yi namu, kuma waɗanda suka kai shekaruna sun gani da idonsu.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, ƙasar nan tana neman hannu ko ta ina. An fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ana gina hanyoyi da gidaje da ma'aikatu, sai mutanen Ghana da Togo da Benin da Nijar da Chadi suka yi ta shigowa, wasu malaman makaranta, wasu magina, wasu teloli, wasu masu gyaran takalma da masu gadi. A lokacin ba na tuna wani yana cewa sun yi yawa. Daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa, a 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, albashi ya riƙa makara, kayan masarufi irin su madara da sabulu da shinkafa suka yi wuyar samu. Ga kuma rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, kuma da yake shi Muhammadu Marwa asalinsa mutumin Kamaru ne, sai aka sami abin nunawa a ce baƙi ne suke kawo mana fitina. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. An ƙiyasta cewa mutanen da suka fita sun kai miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana, kuma kada ki manta cewa a watan Agustan wannan shekarar ake shirin yin zaɓe.

Akwai wani tela ɗan Ghana da yake haya a layinmu, shi ne yake ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta. Da wa'adin ya matso sai ya fito da keken ɗinkinsa da katifarsa da wata 'yar fanka ya jera a ƙofar shago, yana sayarwa a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu ba. Matan unguwa suka aiko masa da soyayyiyar gyaɗa da garin rogo na guzuri, wanda ya sayi keken kuwa har mota ya raka shi. Waɗannan mutane duka talakawa ne, matsin ya taɓa su fiye da kowa, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, amma ba su ne suka nemi a kore shi ba. Maganar daga rediyo da jaridu ta sauko, sannan jama'a suka ɗauka suna maimaitawa. Bayan tafiyar baƙin farashin kaya bai sauko ba, masana'antun da aka rufe ba su buɗe ba, gwamnatin ma sojoji suka kifar da ita a ranar ƙarshe ta wannan shekarar, su ma kuma suka sake wata korar a 1985. A ganina talauci yana sa mutum ya saurari duk wanda ya zo masa da bayanin abin da ya jefa shi cikin wahala, amma sai an sami mai mulki ko mai neman mulki ya nuna masa baƙo da yatsa kafin haushin ya karkata can.

Ɗan Zango, Kumasi, ya rubuta:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Mu a nan Zango labarin da muka tashi muka tarar ya girmi na 1983 da shekara 14, kuma shi ne ya sa ba na yarda da masu cewa ilimi ne maganin wannan cuta.

A ƙidayar 1960 baƙi sun kai kashi 12 cikin 100 na mutanen Ghana. Yarabawa sun riƙe ƙananan kasuwanci, Hausawa suna fataucin goro da shanu, Mosawa da Zabarmawa suna aiki a gonakin koko da wuraren haƙar ma'adinai. Da farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, matasan da suka gama makaranta suka rasa aiki, sai gwamnati ta fitar da doka ranar 18 ga Nuwambar 1969 cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Shekarar da ta biyo baya kuma aka yi wata dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa kaɗai. Dattawanmu suna ba da labarin mutanen da aka haife su a Kumasi, aka haifi iyayensu a Kumasi, aka loda su a manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba, saboda kawai ba su da wata takarda da babu wanda ya taɓa tambayarsu ita a da.

To wa ya jagoranci wannan gwamnati? Kofi Abrefa Busia ne, mutumin da ya yi digirin digirgir a Oxford, farfesa a ilimin zamantakewar ɗan Adam. Babu wanda zai ce bai san yadda al'umma take cakuɗuwa ba. Haka kuma a Kwaddibuwa, bayan rasuwar shugaban ƙasar, Houphouët-Boigny, a 1993 da karya darajar kuɗin sefa a 1994, aƙidar tantance wane ne ɗan ƙasa na asali ta bunƙasa a zamanin magajinsa Henri Konan Bédié, kuma malaman jami'a ne suka zauna suka yi mata riga da wando, suka rubuta mata hujjoji. Da ita aka tare Alassane Ouattara daga takara, da ita aka riƙa tsangwamar 'yan arewacin ƙasar da zuriyar mutanen Burkina Faso, har aka kai ga yaƙi a 2002. Ko a kwanan nan, shugaban Tunisiya Kais Saied, wanda jawabinsa na Fabrairun 2023 ya jawo aka riƙa korar baƙaƙen fata daga gidajen haya da wuraren aiki, malamin dokar tsarin mulki ne a jami'a kafin ya shiga siyasa. Jahili yana iya ɗaukar sanda, amma mai ilimi ne yake rubuta dokar korar, kuma ɓarnar da doka take yi cikin mako biyu ta fi ƙarfin ta masu sanduna.

Dakta Hadiza, Jamus, ta rubuta:

Ina gaida Baba Malam, ina kuma gaida ɗan'uwana na Kumasi. Misalan da ya kawo gaskiya ne, sai dai ina ganin ya kamata a bambance tsakanin abin da shugabanni suke aikatawa don neman mulki da kuma ra'ayin da ake samu idan aka tambayi dubban mutane. A na biyun, musamman a Turai da Amurka inda aka fi yin irin wannan bincike, babu abin da yake fitowa a kai a kai kamar tasirin ilimi: duk yadda karatun mutum ya yi zurfi, haka yiwuwar ya goyi bayan shigowar baƙi take ƙaruwa. A ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, wadda batun baƙi ya mamaye yaƙin neman zaɓenta, kusan kashi biyu cikin uku na masu digiri sun zaɓi a zauna, alhali mafi yawan waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba sun zaɓi a fita.

Da farko masana tattalin arziki sun ce wannan ba wani abin mamaki ba ne, wai mai digiri ba ya gogayya da baƙon da ya zo aikin gini ko wanke-wanke, hasali ma yana amfana da arhar aikinsa, saboda haka ba kirki ne ya yi masa yawa ba, aljihunsa ne yake cikin aminci. Wasu masana biyu, Jens Hainmueller da Michael Hiscox, suka gwada wannan magana a wani nazari da suka wallafa a 2007 bisa bayanan ƙasashen Turai. Suka ce idan gogayyar aiki ce take juya ra'ayi, to ya kamata mai digiri ya ƙi baƙo mai digiri irinsa, shi kuma lebura ya yi maraba da baƙon likita ko injiniya tunda ba aikinsa zai ƙwace ba. Ba haka suka samu ba. Masu ilimi sun fi karɓar baƙi kowane iri ne, har da waɗanda za su iya gogayya da su, marasa zurfin karatu kuma sun fi ƙin baƙi kowane iri ne, har da waɗanda babu abin da ya haɗa sana'arsu. Wasu binciken da suka biyo baya sun nuna cewa abin da ya fi juya ra'ayin mutum shi ne yadda yake ganin halin da ƙasa baki ɗaya take ciki, da tsoron da yake yi wa al'adarsa da matsayin mutanensa, fiye da abin da ya sami albashinsa shi kaɗai. Mutum yana iya zama da aikinsa lafiya lau amma ya ƙi baƙi saboda ya yarda cewa ƙasa tana lalacewa.

Jamus ta nuna wannan a fili. Jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta fi ƙarfi a jihohin gabas, har ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thuringia a Satumbar 2024 da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, alhali baƙi sun fi ƙaranci a can idan aka kwatanta da biranen yamma irin su Frankfurt. Abin da gabashin yake da shi shi ne tarihin rufe masana'antu bayan haɗewar ƙasar a 1990, da ƙauyukan da matasa suka watse suka bar tsofaffi, aka rufe makaranta, aka janye likita, motar haya ta rage zuwa. Mutumin irin wannan gari da ya ji a 2015 cewa gwamnatin Angela Merkel ta karɓi masu neman mafaka kusan miliyan ɗaya, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ashe akwai kuɗin, su ne dai ba a damu da su ba.

Dangane da hanyar da ilimi yake bi kuwa, masana ba su gama daidaitawa ba. Wasu sun duba ƙasashen Turai da suka ƙara shekarun karatun dole, suka kwatanta waɗanda dokar ta shafa da waɗanda suka girme su da kaɗan, suka ga ƙarin karatun ya rage ƙyamar baƙi. Wasu kuma a Suwizalan sun bi matasa shekara da shekaru, suka ga waɗanda suka shiga jami'a tun kafin su shiga ra'ayinsu mai sassauci ne, wato daga gida suka taho da shi. Akwai kuma wani abu da ni kaina nake zargi, bayan shekarun da na yi ina zaune a cikinsu: mai ilimi ya san amsar da ake so a ji idan mai bincike ya zo da takarda, kuma wanda ya ce maka yana maraba da baƙi a baki yana iya ƙin ba ka hayar ɗakinsa da zarar ya ji sunanka a waya.

Alhaji Ɗan Kwari ya rubuta:

Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma ki yi mini uzuri, ba zan yarda cewa gogayya ba ta da tasiri ba. Mu a Kantin Kwari 'yan China muke sayen atamfa da shadda a hannunsu tun muna zuwa can muna saro kaya, kuma babu wanda ya taɓa jin haushinsu. Ranar da suka fara kama rumbunan ajiya a Kano suna sayarwa kai tsaye ga ƙananan 'yan kasuwa a farashin da mu ba za mu iya ba, a ranar ƙorafi ya tashi, har jami'an shige da fice suka kama wasu daga cikinsu a 2012. Masu ƙorafin nan akwai masu digiri, akwai mahaddata Alƙur'ani, akwai waɗanda sun zaga duniya fiye da malaman jami'a. Mutanen Nijar kuwa cike suke da kasuwar nan da sauran kasuwannin Kano, suna shayi, suna gadi, wasu ma manyan 'yan kasuwa ne, amma ba ka jin ana cewa a kore su, domin harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya. Saboda haka a wurina abu biyu ne: ya taɓa abincinka ko bai taɓa ba, kuma kana ganinsa naka ne ko bare.

Mahamadu na Maraɗi ya rubuta:

Alhaji ya taɓo inda nake so in tsaya. Tun daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, kamar yadda mutanen Borno suka cika Diffa a zamanin Boko Haram. Ƙauyukan da suka sauke su suna cikin mafi talauci a duniya, kuma waɗanda suka yi makarantar boko a cikinsu ba su da yawa, amma mai gari ya ba da fili, magidanta suka raba hatsin rumbunsu tun kafin wata ƙungiyar agaji ta iso. Haka mutanen Adre a gabashin Chadi suka karɓi waɗanda suka gudo daga Darfur tun daga Afrilun 2023, har baƙin suka ninka 'yan gari yawa. Inda na lura zuciya takan fara sauyawa shi ne bayan zaman ya daɗe, layin rijiya ya yi tsawo, itacen girki ya yi nisa, kuɗin ƙwadago a gona ya faɗi, sannan motar agaji ta zo ta raba shinkafa da mai ga masu katin gudun hijira ta wuce wanda ya sauke su alhali shi ma bai ɗora tukunya ba. Ba talaucin kansa ne yake kawo gunaguni ba, ganin an fifita wani a kanka ne a cikin gidanka. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san aikinsu suke haƙa rijiya ko gina aji don amfanin baƙi da 'yan gari tare.

Bilkisu Samaru ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dakta, ina da sauran tambaya guda. Maganar Alhaji ta nuna cewa gogayyar gaskiya ce a wasu wurare. To a Afirka ta Kudu da na fara ambata, shin baƙin da gaske suna ƙwace aikin 'yan ƙasa ne, ko kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki?

Dakta Hadiza, Jamus, ta rubuta:

Ƙanwata Bilkisu, maganar Alhaji daidai ce a inda ya ajiye ta, wato a cikin sana'a guda, a kasuwa guda. Mai ƙaramin shago a Soweto da ɗan Somaliya ko ɗan Habasha ya buɗe shago kusa da shi, yana saro kaya da yawa tare da 'yan'uwansa yana sayarwa da rahusa, yana buɗewa tun asuba har dare, wannan ya yi asara ta gaske, kuma babu wani lissafin masana da zai mayar masa da cinikinsa. Amma idan aka dubi ƙasar gaba ɗaya, lissafin ba ya tsayawa. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa waɗanda aka haifa a waje kusan miliyan 2.4 ne, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100 na jama'a, alhali rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100. Ko da an kwashe baƙin duka an miƙa wa 'yan ƙasa ayyukansu, miliyoyi za su ci gaba da zaman kashe wando. Wani nazarin Bankin Duniya na 2018 ma ya nuna cewa tsakanin 1996 da 2011 kowane baƙo mai aiki ya samar da kusan guraben aiki biyu ga 'yan ƙasa, domin da yawansu sana'ar kansu suke yi, suna ɗaukar ma'aikata, suna biyan haya, suna sayen kaya.

Wannan muhawara ta daɗe a Amurka ma. A 1980 'yan Kuba kusan 125,000 suka isa Florida cikin 'yan watanni, ma'aikatan birnin Miami suka ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, kuma masanin tattalin arziki David Card ya duba ya ga albashi da samun aikin 'yan gari ba su wani girgiza ba. Daga baya wani masanin, George Borjas, ya sake duba bayanan ya ce waɗanda ba su gama sakandare ba sun ji a jikinsu, kuma har yau masana suna ja-in-ja a kan haka. Abin da ya fi dacewa a ɗauka shi ne amfanin baƙi yakan bazu a kan kowa ta yadda ba a lura da shi, asarar kuma takan taru a kan mutane kaɗan waɗanda dama su ne a ƙasa.

A Afirka ta Kudu waɗannan na ƙasan su ne mutanen da aka yi wa alkawarin gida da aiki da ruwa da wuta a 1994, lokacin da mulkin wariyar launin fata ya ƙare, aka bar su a unguwannin kwano, kuma makarantun da 'ya'yansu suke zuwa suna ɗauke da tabon tsarin ilimin da gwamnatin wariyar launin fata ta ƙirƙiro wa baƙaƙe a 1953. A can talauci da ƙarancin ilimi a kan mutum ɗaya suke haɗuwa, shi ya sa raba su yake da wuya. Rikicin Mayun 2008 a Alexandra ya fara, unguwar da babbar hanya ce kawai ta raba ta da Sandton, inda attajiran Johannesburg suke, kuma cikin mutum 62 da aka kashe, 21 'yan Afirka ta Kudu ne, wasunsu saboda harshensu ko kamanninsu aka ɗauka baƙi ne. Na 2015 ya biyo bayan wani jawabi a kan baƙi da Sarkin Zulu na lokacin, Goodwill Zwelithini, ya yi, wanda ya dace da abin da Baba Malam ya faɗa game da mai nuna yatsa. Ƙungiyar Operation Dudula mai adawa da baƙi, wadda ta taso a Soweto a 2021, ta kai ga tsayawa a ƙofar asibitocin gwamnati tana tambayar marasa lafiya katin shaidar ɗan ƙasa, ta kuma yi rajista a matsayin jam'iyyar siyasa a 2023.